Yarona ba ya iya zama wuri ɗaya, wace kujera zan saya masa?

Maman yara, kin ce yaronki sai mutsu-mutsu da kwantowa kan tebur in yana aikin gida. Kafin ki kashe kuɗi duba ƙafarsa tukunna, yawanci kujerar ce ta masa tsawo ƙafa na lilo a sama, to dole ya yi ta juyi. Ki sa masa bulo ko 'yar kujerar tsuguno ya taka, gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 90, tebur kuma ya zo daidai gwiwar hannunsa. In kujerar ta yi zurfi ki cusa filo a bayansa.

Ni nawa ɗan shekara 7 wajen mai faci na je ya yanko min robar tsohon tiyub na babur, na ɗaure tsakanin ƙafafun kujerar na gaba, yana dannawa da ƙafa yana rubutunsa abinsa, wallahi na samu sauƙi. Akwai kuma matashi mai iska da ake ɗorawa kan kujera, amma wasu yaran wasa suke maida shi.

In kin lura kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya ko bayansa ya karkace, wannan ba na kujera ba ne, ki kai shi likitan ƙashi, in kina Kano akwai asibitin Dala.