Mai kamfanin kansa a Birtaniya: zai samu tallafin rashin aiki tsakanin kwangila da kwangila?

Malam, ka ce kwangilarka ta ƙare, kai kaɗai ne daraktan kamfaninka, kana tambaya ko za a ba ka tallafi kafin wata ta samu. Yana yiwuwa, amma ya danganta da yadda kake biyan kanka.

New Style JSA, wato tallafin masu neman aiki, yana duba gudummawar inshorar ƙasa ta Class 1 (wadda ake lissafawa kan albashin ma'aikata) a shekarun haraji biyu da suka wuce. A nan masu kamfani da yawa ke faɗuwa: ribar hannun jari da kake ɗiba ba ta shiga wannan lissafi, albashi kawai ake ƙirgawa. Idan albashin ya yi ƙasa sosai, ba za ka samu komai ba. Kuma dole aikin da kake wa kamfanin ya gaza awa 16 a mako. Ana biya har kwana 182, ba ruwansu da ajiyarka.

Universal Credit, wato tallafin masu ƙaramin kuɗin shiga, kuwa daban ne. Ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana ka, kuma DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho, na iya ɗaukar kuɗin da ke asusun kamfani a matsayin naka. Don Allah kada ka ɓoye kamfanin. Ka duba tarihin gudummawarka a shafin HMRC, hukumar harajin Birtaniya, tukuna.