Tambaya da Amsa: Me Ɗalibin Malanta Zai Tsira da Shi Daga Hidimar Unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shekara ta biyu a karatun NCE (takardar shaidar malanta), fannin motsa jiki da lafiya. An tura mu koyar da yaran unguwa wasanni kyauta duk ranar Asabar, kuma an wajabta mana rubuta abin da muka gani. Shin wannan wahala tana da amfanin da zai bi mu har bayan mun kama aiki? Daga wani ɗalibi a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tana da amfani ƙwarai, amma ka sani cewa rubutun nan da kake ɗauka ƙarin nauyi ne shi ne ƙashin bayan aikin. Masanin ilimin nan na Amurka, John Dewey, wanda ya rasu a 1952, ya daɗe yana jaddada cewa ba kowane abin da mutum ya gani ko ya yi ne yake zame masa ilimi ba, sai wanda ya zauna ya yi nazari a kansa.

Abin da ya fi daɗewa a jikin malami shi ne iya sarrafa darasi gwargwadon yaran da ke gabansa. A kwaleji za a koya maka dokokin ƙwallon ƙafa a fili mai alama da raga, amma a lungun Gwale za ka tarar da yara hamsin, ƙwallo ɗaya, da filin da rabinsa kwata ce. Can za ka koyi raba su rukuni-rukuni, ka shata iyaka da toka, ka koma ga langa idan ƙwallon ta fashe. Can kuma za ka haɗu da yaron da shan inna ya taɓa, wanda ke zaune a gefe yana kallo, dole ka nemo hanyar shigar da shi wasan. Wanda ya taɓa yin haka, ko ya yi 'yan makonni tare da ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, da wuya ya sake barin irin wannan yaro a bakin fili. Haka nan shawo kan uban da bai yarda 'yarsa ta yi guje-guje ba, ba darasin allo ba ne.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, wannan ƙwarewa tana dusashewa idan ka faɗa makarantar da ake ba wa wasu darussa lokacin motsa jiki da zarar jarrabawa ta gabato, abin da yake damuna matuƙa. Saboda haka ka adana littafin nan naka, ka riƙa rubuta abin da ya gagare ka kowace Asabar da dabarar da ka gwada, sannan ka tafi da shi ranar da aka tura ka aikin gwajin koyarwa.