Tambaya da Amsa: Dokina yana zabura a hanya, yaya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ingarma ɗan shekara 5 da nake horarwa don tseren dogon zango. Ƙarfi da numfashi ba laifi, amma da ya hango leda tana tashi, ko babur ya ɓullo daga kwana, ko ya ci karo da raƙumi, sai ya zabura ya yi gefe. Na sha zuba masa bulala, abin sai ƙaruwa yake. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka fara ajiye bulalar nan. Doki gudu ne makaminsa, kuma tsoro ke sa shi zabura, ba taurin kai ba. In ka zane shi a gaban leda, gobe abu biyu zai ji tsoro, ledar da kuma dukan.

Gyaran ya zama dole, domin a manyan gasa ana cinye kilomita 160 a yini guda, kuma a kowane zango likitocin dabbobi ba sa barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauka zuwa 64 a minti ɗaya. Dokin da ya wuni a firgice ƙarfinsa yana tafiya a banza, zuciyarsa kuma ba ta sauka da wuri.

Kafin horo, a duba lafiyar idonsa, da bayansa ko sirdi na cinsa, da bakinsa ko linzami ya ji masa ciwo. Hatsi mai yawa ba tare da kilisa ba shi ma yana sa doki rawar kai. A rage dawa, a ƙara harawa da ciyawa.

A fara a ƙasa, cikin fili mai shinge. Sa masa ragama da igiya mai tsawon kamar mita 4, ka riƙe a hannu. Kada ka ɗaure shi a turke, don dokin da ya rasa hanyar tsira yakan fizge ya ji wa wuyansa rauni. Wani ya ɗaura leda a kan sanda ya tsaya nesa, daidai inda dokin zai miƙe kunne ya yi huci amma bai ɗaga ƙafa ba. A tsaya nan. Da ya sauke kai, ya saki numfashi, ko ya fara motsa baki, a janye ledar nan take. Janyewar ita ce ladansa, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure: suna ɗauke abin lokacin da dokin ke tsalle, sai ya koyi cewa tsalle ke korar abin tsoro. A matso taku ɗaya ko biyu, a maimaita, har ka iya shafa masa ledar a kafaɗa, sannan baya, ƙafafu daga ƙarshe. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa. A yi ta dama, a sake ta hagu, domin sabon da ya yi ta gefe ɗaya ba lallai ya kai ɗaya gefen ba. Kada a ɓullo masa ta daidai wutsiya, can ba ya gani.

Babur kuwa, a sa shi gaba yana tafiya a hankali, kai ka bi shi da dokin. Abin da ke guje masa ba ya ba shi tsoro sosai. Bayan kwanaki sai babur ya riƙa wucewa ta gefe, da tazara, ba tare da danna oda ba. Raƙumi har da warinsa doki ke gudu, don haka a bar su su yi kiwo kusa da juna, da shinge a tsakani.

Ranar fita hanya, ka bi bayan tsohon doki mai natsuwa. In naka ya zabura, kada ka matse shi da ƙaimi ko ka fizgi linzami da hannu biyu. Zauna daram, ka juya kansa da hannu ɗaya ya fuskanci abin, ka ba shi lokaci ya duba, sannan ku wuce da tafiya, ba da sukuwa ba.