Sabon gida a gefen gari: kuɗin da aka sa masa ya dace da unguwar kuwa?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka samu gida mai ɗaki huɗu a wani sabon rukunin gidaje da ke gefen gari, shekararsa uku da ginawa, mai shi ya sa masa kuɗin da ya haura na gidajen kusa da shi da kusan kashi 20 cikin 100, dillali kuma na ta ce maka ai sabo ne, ba za ka haɗa shi da sauran ba. Kana so ka san ko ƙarin nan ya dace. Toh na taɓa shiga irin wannan cinikin da ƙafata, na saya kuma na sayar, shi ya sa ba zan iya wucewa ban ce komai ba.

Gaskiyar magana ita ce unguwa ke yanka wa gida kuɗi. Duk kyan da gida ya kai, ranar da za ka sayar, mai saye zai tambayi nawa aka sallama na maƙwabta, daga nan zai fara tayi. Ni nawa da na saya shi ne mafi girma a layin, har yau ina tuna ranar da aka buɗe min ƙofa, ƙamshin fenti bai gama fita ba, tayil na ɗaukar ido, kicin kamar ba a taɓa ɗora tukunya ba, wallahi tun a falo na gama saye a raina. Bayan shekara huɗu aiki ya ɗauke ni dole na sayar, wanda ya taya da bashin banki zai biya, sai bankin ya turo mai kiyasta kuɗin gida. Mutumin nan ya zo da tef ɗin awo da ɗan littafi, ya auna fili, ya auna gini, ya ƙirga ɗakuna da banɗaki, ya leƙa silin, kicin ɗin da nake ji da shi ko minti biyu bai yi a ciki ba. Da ya gama sai ya jero min gidaje uku da aka sayar a kusa cikin 'yan watannin nan ya ce ga inda naka ya faɗo. Kuɗin ya yi ƙasa da abin da na sa rai sosai, kuma banki ba ya ba da bashi sama da kiyasinsa, don haka ko in rage ko ciniki ya watse. Na rage.

Abin da ya yi ɗin nan shi za ka yi tun yanzu kafin ka biya. Nemo gida uku zuwa biyar da aka riga aka sayar, ina nufin ciniki ya faɗa an biya an karɓi makulli, cikin wata shida da suka wuce, in an rasa ka kai shekara ɗaya. Kuɗin da ka gani a allon talla ko a intanet fatan mai gida ne kawai, wanda aka sallama shi ne kasuwa. Su kasance kusa, girman fili da na gini su yi kama, shekarunsu ma kada su yi nisa da juna. Sai ka raba kuɗin kowanne da murabba'in mita na gininsa ka ga inda naka ya tsaya a cikinsu. Amma ka kula, ƙaramin gida kusan kullum mitarsa ta fi ta babba tsada saboda kicin da banɗaki su ke cin kuɗi kuma kowane gida na da su, don haka kada ka ɗauki kuɗin mitar mai ɗaki biyu ka ninka wa mai ɗaki huɗu, lissafin zai ruɗe ka. Daga nan ka riƙa ragewa da ƙarawa, wancan yana da gareji naka babu, ka cire, naka a kwana yake da fili mai faɗi, ka ƙara. In ka gama kaga har yanzu akwai tazarar da ba ta da dalili sai kalmar "sabo", toh ita ce abin ciniki.

Sabunta tana da kuɗinta, ban musa ba. Rufi, wayarin, famfo, duk za su ɗauke ka shekaru ba ka taɓa aljihu ba, wannan kuɗi ne na gaske. Hanyar auna shi mai sauƙi ce, ka ɗauki ɗaya daga tsofaffin gidajen unguwar ka tambayi injiniya ko magini mai amana nawa zai ci a gyara shi ya kamo wannan. Abin da ya faɗa shi ne iyakar ƙarin da ya dace ka biya. Don gini tsufa yake yi kullum, fili ne ke tashi, kuma a gefen gari inda fili ke da yawa, kaso mafi girma na kuɗinka cikin ginin yake tafiya, wato cikin ɓangaren da ke tsufa. Yau shekararsa uku, ranar da za ka sayar yana da takwas ko goma, ba mai kiransa sabo.

Sai abin da ya fi cutar da ni, wanda ba wanda ya faɗa min: kamfanin da ya gina rukunin bai gama gini ba. Lokacin da na sa nawa a kasuwa suna kan kashi na uku, allonsu na nan a bakin get, duk wanda ya zo ganin nawa sai ya wuce ta gabansa, ga gida dal a leda, ga biya kaɗan-kaɗan, ga garanti, har kalar tayil kai za ka zaɓa. Ni ɗaya da gida ɗaya ina zan iya gasa da su? Don Allah ka zagaya bayan rukunin ka ga fegi nawa suka rage ba a gina ba, ka shiga ofishinsu kamar mai saye ka ji nawa suke ba da irin wannan gidan yau, har da rangwamen da ba sa rubutawa a allo. In nasu sabo fil ya zo daidai da kuɗin da aka sa maka ko ƙasa, magana ta ƙare. Kuma irin waɗannan wurare su ke fara jin jiki in kasuwa ta juya. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 kuɗin gidaje ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a faɗin ƙasar, amma a Las Vegas da Phoenix inda aka yi ta zuba sababbin unguwanni a bayan gari faɗuwar ta haura rabi. A Ailan ma tsakanin 2007 da 2013 kusan rabi ya tafi, a 2010 gwamnati ta ƙirga rukunin gidaje sama da 2,800 da ba a kammala ba. Ba ina cewa hakan zai same ka ba, Allah ya kiyaye, amma ka san inda ƙasa ta fi laushi.

Akwai lissafi biyu da ba sa cin lokaci. Ƙirga gidajen da ke kasuwa a yankin ka raba da adadin da ake sayarwa a wata, misali 30 ne kuma 3 ke fita a wata, kaga kayan wata 10 ke nan a ƙasa. Dillalai kan ɗauki wajen wata shida a matsayin daidai wa daida, in ya haura sosai kai mai saye ke da baki. Na biyu haya, tambayi nawa ake biyan wannan a shekara, nawa ake biyan tsohon da ke layin baya. In hayarsu kusan ɗaya ce amma kuɗin saye ya bambanta da kashi 20, masu haya sun riga sun gaya maka gaskiya.

Shi kansa ginin kada sabuntarsa ta hana ka kawo naka injiniyan, naka fa, ba na mai gida ba. Shekarun farko su ne lokacin da ƙasa ke zama a ƙarƙashin gini, 'yar siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ƙofar da ta fara cijewa, a duba tushe. Sabon fenti a bango ɗaya tak abin tambaya ne. Gani ya kori ji, ka koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga ina ruwan ke bi, ni sai bayan na tare na lura da layin danshi a gindin katanga, tsawon taku guda daga ƙasa, ashe duk ruwan layin gabana yake taruwa. Ka bi hanyar zuwa wurin aikinka da safe ranar aiki ka duba agogo, ka zo da dare ka ƙirga gida nawa ke da haske. Takardun mallaka kuma lauya ya tantance, ka ji kuɗin kula da rukuni nawa ne, sau nawa aka ƙara shi, garantin magina ya ƙare ko zai biyo ka.

Ka kuma tambayi me ya sa mai shi zai fita bayan shekara uku kacal, da tun yaushe gidan ke kasuwa, maƙwabta za su fi dillali faɗa maka, shi la'adarsa na tashi ne in kuɗi ya tashi. In zaman shekara goma ko fiye za ka yi, kuma iyali sun so wurin, ɗan ƙari kaɗan ba zai dame ka ba. In akwai alamar tashi cikin shekara uku huɗu, la'ada da harajin saye da sayarwa kaɗai za su cinye ribar. Da ni ne, zan taya daga tsakiyar kuɗin gidajen nan da aka sallama, in ɗora kuɗin gyaran da injiniya ya faɗa, in nuna wa mai gida lissafin a takarda. In ka samo kuɗin gidaje ukun da girmansu da kuma abin da kamfanin ke sayarwa yau, kawo mu duba tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.