Likita, kada ki sayi sa hannun kowa

Wata likita ta rubuto daga arewacin Ingila. Shekararta biyu tana aiki a asibitin NHS (hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya), ba ta shiga horon ƙwarewa ba tukuna. Ranta na kan fannin ƙoda, amma kawunta da ya biya mata kuɗin PLAB (jarrabawar samun lasisin aiki a Birtaniya ga likitan da ya yi karatu a waje) ya kafe sai fannin zuciya, wai can suna yake. Har ya haɗa ta da wani ejan da zai samo mata sa hannu a takardar CREST (shaidar cewa likita ya cancanci shiga horon ƙwarewa), ya kuma riƙe mata gurbin horo idan ta biya.

Likita, ki rabu da ejan ɗin nan yau. Gurbin IMT, wato horon farko kan cututtukan cikin jiki, ba na sayarwa ba ne. Ta shafin intanet na Oriel ake nema, a duba makinki, a yi miki intabiyu. CREST kuwa shaida ce ta babban likitan da ya ga aikinki da idonsa. Na ga wanda ya sayi irin wannan sa hannun, da asiri ya tonu sai ga shi gaban GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Birtaniya. Aiki ya tafi, biza ta bi shi, ejan ya kashe waya. Ki tunkari babban likitan sashenku cikin makon nan, ki tambaye shi abin da ya rage miki.

Rigimar ƙoda da zuciya ma lokacinta bai yi ba. Ƙofa ɗaya suke bi: shekara 3 na IMT, da jarrabawar ƙwarewa ta MRCP har PACES (sashenta na duba marasa lafiya a aikace), sannan a zaɓa. Haka fannin huhu, da na ciki da hanta, da na ciwon suga, da na kula da tsofaffi. Na fata da na jini ne ake iya shiga bayan shekara 2.

Kawu ya yi miki halacci, ki riƙe masa wannan har abada. Amma ɗawainiyar da ya yi ba ta ba shi ikon zaɓa miki aikin da za ki tsufa a cikinsa ba, kuma raina yana ɓaci idan na ga an mayar da alheri igiya. Ke za ki kwana a kan marasa lafiya, ba shi ba.

Ki kira shi da kanki, cikin ladabi. Ki tuna masa yadda ciwon ƙoda ke cinye mutane a Gashuwa da Haɗejiya, da yadda iyalai ke sayar da gona saboda wankin ƙoda. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma har gobe ana neman ƙwararrun hannu. Idan ya sake kawo zancen ejan, ki faɗa masa ƙarara cewa lasisinki ne zai salwanta.