Haƙarƙarin sa ya fito da ɗaci da tauri: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Houston ne a jihar Texas. Na sayi murhun hayaƙi mai amfani da gawayi, dogon nan mai kama da ganga da kwanon ruwa a tsakiya. Na samo haƙarƙarin sa mai ƙashi uku a shagon halal, na shafe shi da yajin tsire, na kunna gawayi da man kunna wuta, na labta icen meskit, sannan na toshe kafar iska ta sama don kada hayaƙin ya tsere. Bayan awa 4 na sauke. Wajen naman baƙi ƙirin ga ɗaci, cikinsa tauri, gefensa kuma ja-ja har maiɗakina ta ce bai gasu ba. Ko daɗewa ya yi a wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai daɗe ba, da wuri ma ka sauke shi. Ɗacin kuma daga wutar ya fito, naman ba shi da laifi.

Bari mu fara da taurin. Haƙarƙarin sa cike yake da jijiya da tantani masu ɗauke da sinadarin kolajin. Zafi yana fara ɗaure naman ya matse ruwansa, sai daga baya, idan ya jima cikin zafi mai sauƙi, kolajin ɗin ya narke ya zama danƙo mai laushi. Abin da ke faruwa ke nan da farfesun ƙafar sa: a awar farko ba ta tauno, amma idan ta sha wuta sai romon ya riƙa manne maka leɓe. Ta fuskar lafiya naman sa ya nuna tun cikinsa na digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, amma haƙarƙari ba ya sakin jiki sai cikinsa ya kai wajen digiri 93 zuwa 96, wato 200 zuwa 205 a ma'aunin Farenhait da kuke amfani da shi a Amurka. Mai ƙashi uku irin naka yakan ci awa 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, idan murhun yana tsakanin digiri 120 da 135 a ma'aunin Salshiyas.

A awa ta huɗu, ina kyautata zaton naman yana tsakiyar wani mataki da ke rikita duk sabon shiga. Idan cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 na Salshiyas, sai ma'aunin zafi ya tsaya cik, ya ƙi gaba har awa ɗaya ko biyu. Dalili shi ne ruwan da ke tsattsafowa daga naman yana bushewa a samansa yana sanyaya shi, daidai gwargwadon zafin da murhun ke ba shi. A nan ne mutum yakan ga waje ya yi duhu, ya ɗauka ƙonewa ya fara, ya sauke. Ko dai ka ƙyale shi har ruwan saman ya ƙafe ya ci gaba da kansa, ko ka naɗe shi. Takardar alminiyam ta fi sauri amma tana jiƙa busasshen ɓawon da gashi ya tara a saman naman. Takardar mahauta marar kakin zuma, wadda masu gashin Texas suka fi so, tana barin tururi ya ɗan fita, ɓawon ya tsira. Ni dai na fi son a bar haƙarƙarin sa haka nan ba naɗi, don kitsen da ke cikin tsokarsa ya isa ya kare shi daga bushewa.

Yanzu ɗacin, wanda shi ne babban darasin. Da ka toshe kafar sama, wutar ka shaƙe. Icen da bai samu iska ba ba ya ci, turnuƙewa yake yi ya fitar da farin hayaƙi mai kauri, wanda ke barin kwalta-kwalta a jikin nama, mai ɗaci da sa harshe ya yi nauyi. Hayaƙin da ake nema siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa, kuma ratsa naman ake so ya yi ya wuce. Saboda haka kafar sama a buɗe take zama daga farko har ƙarshe. Da kafofin ƙasa ake sarrafa zafi: ka ɗan rage su zafi ya sauka, ka ɗan buɗe ya hau, kuma bayan kowane gyara ka jira minti 15 kafin ka sake taɓawa. Mai gyara duk minti biyu zai wuni yana bin wuta sama da ƙasa.

Meskit kuma ice ne mai ƙarfin hayaƙi, a dogon gashi yana saurin yin yawa. A tsakiyar Texas itacen oak aka fi sani da gashin naman sa, kuma pikan ko hikori ma suna yi. Guntaye uku ko huɗu masu girman dunƙulen hannu sun isa, busassu, ba sai ka jiƙa su ba. Kada ka kusanci itatuwa masu ƙaro ko katakon da aka yi wa fenti ko magani.

Man kunna wuta ka ajiye shi. Nemi bututun ƙarfen nan na kunna gawayi, a cusa jarida a ƙasansa a kunna, cikin minti 15 zuwa 20 garwashi ya tashi. Cika kwandon murhun da gawayin da ba a kunna ba, ka binne guntayen icen a ciki, sannan ka zuba garwashi kaɗan a sama. Wutar za ta riƙa ci a hankali tana gangarawa ƙasa, ta kai ka awanni ba ƙari. Masu gasar gashi a Amurka suna kiran wannan tsari da sunan Jim Minion, wanda ya shahara da shi. Zuba ruwan zafi a kwano, rufe murfi, kuma kada ka ɗora nama sai farin hayaƙin farko ya washe. Idan zafin ya ƙi kai yadda kake so, rage ruwan kwanon. Ma'aunin da ke jikin murfi zafin can sama yake gaya maka, don haka ya fi kyau ka sa wani a kan ragar, kusa da naman. Buɗe murfi kuwa duk lokacin da ka leƙa zafi ne ke fita, iska ta shiga ta tayar da gawayi.

Shi kuma jan da uwargida ta gani a ƙarƙashin ɓawon, ka kwantar mata da hankali. Iskar da gawayi da ice ke fitarwa ce take haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launinsa, sai ta riƙe jan a gefe ko da naman ya nuna sarai. Masu sana'ar har alfahari suke yi da shi, ko da yake bai ƙara komai a ɗanɗano.

Yajin tsire bai dace da wannan aikin ba tun daga farko, don ƙuli-ƙulin da ke ciki ba ya jure awanni a wuta, yakan yi baƙi ya ƙara ɗaci. Yanke kitsen sama da farin tantanin da ke ƙarƙashinsa, amma ka bar na wajen ƙashi don shi ke riƙe naman kada ya zame. Barbaɗa gishiri da masoro mai ɓarzo daidai wa daida, da garin tafarnuwa in kana so. Yajin ka kai shi teburi.

Hanyar gane ya yi ba agogo ba ce. Soka tsinke ko bakin ma'auni a wurare uku ko huɗu tsakanin ƙasusuwan. Idan ya shige salin-alin ba turjiya ko'ina, kuma naman ya janye ya bar bakin ƙashi a fili, to sauke. Idan wuri ɗaya ya tirje, ƙara masa rabin awa. Naɗe shi ka bar shi ya huta awa ɗaya kafin wuƙa ta taɓa shi.

In za ka gwada hannu da abin da bai kai wannan tsada ba, haƙarƙarin rago ya fi siranta, awa 3 zuwa 4 yakan ishe shi. Kuma ko ruwa ake yi, kada ka shigar da murhun gareji ko cikin gida, don gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kisa a rufaffen wuri.