Hukuncin tara zanen 'yan wasan sirk na Chagall da Léger da rataye su a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan Damagaram ne ina zaune a Faransa, na daɗe ina sayen zanen da ake ce ma litogiraf a wajen gwanjo, yawanci na 'yan wasan sirk, masu tafiya kan igiya da masu lilo a sama da mahaya doki da 'yan kama masu jan hanci. Ina da na shahararrun masu zane Chagall da Léger, wasu na saka a firam na rataye a falo wasu suna akwati, in farashi ya tashi in sayar. Wani abokina ya zo ya ce mala'iku ba sa shiga gidana kuma kuɗin haram ne. Dan Allah Malam mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan uwa, abokin naka ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko sura. Sai dai malamai sun yi saɓani a kan wace irin sura ake nufi, shi kuma ya kawo maka ɓangare ɗaya ya bar ɗaya.

Mu fara sanin abin da ke hannunka tukuna. Litogiraf bugun dutse ne, wani Bajamushe Alois Senefelder ya ƙirƙiro shi wajen 1796, a zana da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake sai a danna takarda. Kaga kenan ba hoton kyamara ba ne, hannun mutum ne ya zana, saboda haka sassaucin da wasu malaman zamani suka yi wa hoton kyamara ba zai shigo nan ba. Amma kuma ba gunki ba ne, shafe yake a takarda, ba shi da inuwa.

A nan ne mazhabobi suka rabu. Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya tafi a kan cewa zanen abu mai rai haramun ne ko yana da inuwa ko babu, rataye shi ma haka, kuma Hanafiyya da Hanabila suna kusa da wannan. Hujjarsu mai ƙarfi ce wallahi, labulen Nana A'isha mai surori da Manzon Allah (SAW) ya gani fuskarsa ta canza, aka yanka shi aka yi matasai, ai labule ba shi da inuwa. Mu kuma Malikiyya, abin da Shehu Dardir da sauransu suka kawo a babin walima shi ne sura ba ta zama haramun sai ta kasance ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku. Wadda take shafe a takarda ko bango makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuma a wajen da ake wulaƙanta ta take kamar shimfiɗa to barinta dai ya fi. Suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha, wanda Zaidu bn Khalid ya ruwaito, inda aka togace zanen da ke jikin tufa, kuma Alƙasim bn Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan fuƙaha'u bakwai na Madina, an ruwaito yana ganin halaccin irin wannan.

Ni abin da nake ba da fatawa da shi shi ne na mazhabarmu. Mallakarsu ba haramun ba ne, cinikinsu ya inganta, rataye su a falo makaruhi ne. Ban ce ka yi zunubi ba, amma in da ni ne zan sauke su in mayar akwati, don fita daga saɓani abin so ne, kuma maganar shigar mala'ikun rahama ba abin da mutum zai yi caca da shi ba ne saboda adon bango. Ko su masu harkar ma ai sun san hasken rana yana kashe launin takarda. In ka ƙi saukewa to aƙalla kada ya kasance a alƙiblarka ko ɗakin da kake sallah, Annabi (SAW) ya sa a kawar da wani labule saboda zanensa yana ɗauke masa hankali a sallah.

Shi kansa wasan ba shi ne matsala ba. Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci ranar idi, Nana A'isha tana kallo ta bayan Annabi (SAW). Zanen mutum yana alkafura ko doki yana zagaye fili ba komai a ciki.

Inda nake so ka tsaya da kyau, wanda kai ba ka tambaya ba abokinka ma bai faɗa ba, shi ne tsiraici. Duk wanda ya san littafin jerin zanen sirk da Chagall ya fitar a 1967 wajen mawallafi Tériade, guda 38, ko na Léger na 1950, ya san akwai mata mahaya doki da masu lilo, wasu da matsattsun kaya wasu ƙirji a buɗe. Wannan ba ruwansa da inuwa ko rashin inuwa, sassaucin Malikiyya bai kai nan ba, kuma cewa ai fasaha ce ba ya canza hukuncin al'aura. Sai ka bi su takarda bayan takarda. Wanda ɗan kama ne da goge a hannu, ko doki, ko taron 'yan kallo da fuskokinsu ma ba su fito ba, ko irin mutanen Chagall masu koriyar fuska suna shawagi a iska, wannan yana kan hukuncin da na faɗa. Wanda al'aura ta fito ƙarara har ido zai tsaya a kai, kada ka rataye, kada ka ƙara saye, kuma ba na ganin halaccin cin ribarsa saboda hadisin Ibn Abbas cewa idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. In wanda ya sayar maka zai karɓa ya mayar maka da kuɗinka to madalla, in ba haka ba ka shafe wurin ko ka lalata takardar. Na san zai yi ciwo don kuɗin yuro ne ba wasa ba, amma dai haka ne.

Sai batun ciniki. Kasuwar nan cike take da jabu, musamman sunan Chagall. Takardun wancan littafi na 1967 ba a sa musu hannu ɗaya bayan ɗaya ba, shafi guda ya sa wa hannu, to idan ka ga an ciro takarda daga littafin da sa hannun fensir a ƙasa sai ka yi bincike sosai. Kuma ranar da za ka sayar wajibi ne ka faɗi gaskiya, bugun asali ne ko maimaici ne na baya, an yanke gefe, launi ya koɗe, akwai tabon danshi a ƙarƙashin firam, duk ka faɗa. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma mai sayen ko ba Musulmi ba ne hukuncin ɗaya ne.

Zakka kuma tana bin niyyarka lokacin saye. Wanda ka saya don ajiya da sha'awa kawai babu zakka a kansa komai tsadarsa. Wanda ka saya da niyyar jiran farashi ya tashi, kai ne Malikiyya suke kira muhtakir, ba za ka riƙa yi masa ƙima duk shekara ba, sai ranar da ka sayar ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 na shekara ɗaya, idan shekara ta riga ta kewayo a kan asalin kuɗin kuma ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka. In kuma abin ya zame maka sana'a kana saye kana sayarwa kullum, to ka koma mudir, duk shekara za ka yi wa kayan ƙima ka fitar.

Wallahu a'alam.